Ƙullutun da ake gani da waɗanda ba a gani: yadda ake bibiyar ciwon NF1 shekara bayan shekara

Duk wanda ya haɗu da mai ciwon niyurofaiburomatosis, wato ciwon ƙwayar gado da ke fito da ƙari a jijiyoyi, ƙullutun da ke fatarsa idonsa zai fara sauka a kai. Mu da muke da ciwon kuwa, da likitocin da suka san shi, ba su ne ke hana mu barci ba. Ƙullutun fata suna ƙaiƙayi, suna jawo kallo, suna ɓata rai, amma ba sa rikiɗewa su zama sankara. Abin da ake farauta a asibiti duk shekara ɓoyayye ne: yana bayan ido, yana cikin jijiyar da ta nutse a cinya ko wuya, yana ƙashin baya, yana awon jini. Na bi wannan layi da jikina, na kuma bi shi da yaron da ya gada daga gare ni, saboda haka zan kawo matakan yadda suke zuwa, da wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

Ciwon kala-kala ne, amma wanda ya fi yawa shi ne NF1, kusan mutum ɗaya cikin 3,000. Likitan Jamus Friedrich von Recklinghausen ya bayyana shi a 1882, sai a 1990 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi a kan kuromosom na 17. Aikin ƙwayar shi ne samar da wani furotin da ke taka wa ƙwayoyin jiki birki, kada su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Kowa yana da kwafi biyu. Mai NF1 an haife shi da ɗaya a lalace, ɗayan ne ke riƙe da aikin. Ranar da na biyun ya lalace a cikin wata ƙwaya daga masu lulluɓe jijiya, birki ya tsinke a daidai wurin, ƙari ya fara. Shi ya sa ƙullutun ke fitowa barkatai, kuma babu likitan da zai iya faɗa maka inda na gaba zai ɓullo. Rabin masu ciwon gado suka yi daga uwa ko uba, rabi kuma a kansu aka fara. Ba a ɗaukarsa ta taɓawa ko zaman tare, kuma babu abin da uwa ta yi ko ta bari lokacin goyon ciki da ya jawo shi.

Ƙirgar tabo

Matakin farko rula ce, ba na'ura ba. Likita zai sa a tuɓe wa yaro kaya gaba ɗaya, ya bi jikin daga wuya har tafin ƙafa yana ƙirga tabon da ciwon ke fitarwa a fata. Tabon shimfiɗaɗɗe ne, ba ya tasowa, gefensa a share kamar an zana shi, launinsa ruwan ƙasa. Ƙa'idar ita ce shida ko fiye, kowanne ya haura milimita 5 idan yaro bai balaga ba, milimita 15 idan ya balaga, a auna ta inda ya fi tsawo. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima, to a nan kimar ba ta isa ba, sai an ɗora rula. A fata mai duhu tabon ɗan kaɗan ya fi fatar duhu, don haka a ɗaki mara haske sai a ƙirga uku alhali takwas ne. A matsa kusa da taga, ko a nemi fitilar Wood, wadda likitocin fata ke haska fata da ita don tabo ya fito. Tabo ɗaya ko biyu kuwa lafiyayyun mutane da yawa suna da shi, kada ya tayar da hankalin kowa.

Tabo kaɗai ba ya yanke hukunci. Ma'aunin da aka amince da shi a Amurka a 1987, aka sabunta a 2021, yana neman alamu biyu. Bayan tabo akwai ɗige-ɗige a hammata ko matsematsi, wuraren da rana ba ta taɓawa. Akwai ƙullutu biyu na fata ko ƙari ɗaya mai rassa, wanda ke bin jijiya da rassanta. Akwai ƙari a jijiyar gani, da ƙananan ƙulle-ƙulle a kewayen baƙin ido da ake kira da sunan Lisch, da lanƙwasar ƙashin ƙwauri, da gano lalatacciyar ƙwayar a gwajin jini. Idan uwa ko uba na da ciwon, alama ɗaya ta wadatar.

Abin da ke rikita iyaye shi ne alamun ba sa zuwa tare. Tabo yana bayyana a shekarar farko ko ta biyu, ɗige-ɗigen hammata wajen shekara uku zuwa biyar, ƙullutun fata sai an doshi balaga. Saboda haka idan likita ya ce a dawo baɗi ba tare da ya sa wa ciwon suna ba, ba sakaci ba ne. Zuwa shekara takwas kusan duk masu shi sun cika ma'aunin. Akwai kuma wani ciwo mai suna Legius da ke kawo tabo da ɗige-ɗige iri ɗaya amma ba ya kawo ƙari, gwajin jini ne kaɗai ke raba su tun da wuri. Gwajin yana kama lalacewar a kusan kashi 95 cikin 100 na waɗanda suka cika ma'auni, sakamakon yana ɗaukar makonni. Sai dai kada a sa rai zai faɗi tsananin da ciwon zai yi. Uba da ɗa suna iya ɗauke da lalacewa iri ɗaya sak, ɗaya tabo kawai, ɗaya yana fama da tiyata.

Dubawar shekara

Da an tabbatar, sai a shiga dubawar shekara-shekara. Ana auna tsawo da nauyi da kewayen kai, a ɗiga su a jadawalin girma. Yara masu NF1 da yawa kansu ya ɗan fi girma, tsawonsu ya ɗan gaza na tsaransu, wannan ba komai ba ne. Abin lura shi ne layin ya karkace daga inda ya saba bi. Yaron da ya yi tsalle a tsawo ba zato, ko alamun balaga suka fito masa kafin shekara tara, ko kafin takwas ga 'ya mace, ana tura shi hoton ƙwaƙwalwa, domin ƙarin jijiyar gani yakan taɓa wurin da ke sarrafa balaga.

Awon jini shi ne wanda aka fi tsallakewa, musamman ga yara, don an ɗauka hawan jini na manya ne. A nace a auna, kuma da ɗamarar hannu daidai girman yaron: ƙarama tana ɗaga lamba, babba tana sauke ta. Idan jinin yaro ya hau, abin da ake fara zargi shi ne jijiyar jinin da ke shiga ƙoda ta tsuke. Ga babba kuma, idan hawan yana zuwa yana tafiya tare da sarawar kai, gumi da bugun ƙirji, ana neman wani ƙari a halittar da ke saman ƙoda, wanda ke kwarara sinadarin firgita cikin jini. Ana gano shi ta awon wani sinadari mai suna metanefirin a jini ko fitsari. Ba shi da yawa, amma wajibi ne a kore shi kafin babbar tiyata, domin yana iya harba jini sama a tsakiyar aiki.

Sai a ce yaro ya haɗa ƙafafu ya sunkuya, likita ya tsaya a bayansa ya ga ko haƙarƙarin gefe ɗaya ya fi tasowa. Karkacewar ƙashin baya iri biyu ce a NF1. Akwai mai sauƙi irin ta kowa. Akwai kuma gajera mai kaifin kwana, wadda kan fito tsakanin shekara shida zuwa goma, tana gudu da sauri, rigar gyaran baya ba ta cika tare ta ba, yawanci sai tiyata da wuri. Ƙwauri kuma tun yaro na jariri ake dubawa. Idan ya lanƙwasa gaba da waje, ƙashin wurin ba shi da ƙwari, kuma in ya karye ba ya karɓar ɗori kamar sauran ƙasusuwa, sai wurin ya zama kamar wata gaɓa ta ƙarya. Kuskuren da ake yi shi ne ƙoƙarin miƙar da shi. Ana sa masa takalmin kariya ne tun ya fara tsayawa, a riƙa sauya shi yayin da yake girma.

Kusan rabin yaran suna samun tangarɗa a karatu, da yawa kuma hankalinsu ba ya zama wuri ɗaya. Ba daƙiƙanci ba ne. Yawanci matsalar a rubutu take, da tsara aiki, da gane tazara da siffa. A nemi gwajin ƙwararre tun kafin a fara kiran yaro malalaci, a kai wa makaranta sakamakon a rubuce.

Ido

A nan zan daɗe, don a nan aka fi asara ba tare da an ankara ba. Kimanin yaro ɗaya cikin shida ko bakwai mai NF1 yana da ƙari a jijiyar gani, galibi kafin shekara bakwai. Mafi yawansu ba sa yin ɓarna, suna zaune shiru har abada. Amma wanda ya fara cin gani ba ya sanarwa, domin ƙaramin yaro ba ya cewa ido ɗaya ya dushe. Ɗaya idon yana rufa masa asiri, yana wasansa yana gudunsa. Ganin da ya tafi kuwa ba kasafai yake dawowa ba.

Don haka likitan ido duk shekara har zuwa shekara takwas, daga nan duk shekara biyu har sha takwas. Gwajin da ya fi kowanne daraja shi ne auna kowane ido shi kaɗai. A rufe ɗayan da manne, ba da tafin hannu ba, don yaro yana leƙe ta tsakanin yatsu, ba da niyyar yaudara ba, so yake ya faranta wa mai tambaya. Na ga yadda ake gane matsala tun kafin a karanta harafi ɗaya: an rufe idon hagu yaro bai damu ba, an rufe na dama ya fara fizge-fizge yana cire mannen. Wannan ya nuna da na daman yake gani. Bayan haka ana gwada launuka, a haska ƙwayar ido a ga yadda take tsukewa, a ɗiga maganin buɗe ta don a leƙa kan jijiyar. Maganin yana ɗan yaji, gani yana dishi-dishi na wasu sa'o'i, haske yana damu. A na'urar da ake ɗora haɓa ake neman ƙulle-ƙullen Lisch. Su ba sa cutar da gani ko kaɗan, shaida ce kawai, kuma a ido mai duhu haske-haske suke fitowa.

Idan an ga ƙari amma gani bai ragu ba, sa ido ake yi, a maimaita awo duk wata uku zuwa shida. Idan gani na raguwa ne ake fara magani, wanda aka daɗe ana amfani da shi haɗin carboplatin da vincristine ne ta jijiya, na tsawon fiye da shekara. Gasa ƙari da hasken radiyeshan kuwa ana guje masa ga mai NF1, domin yana iya haifar da sabon ƙari a wurin da aka haska, ya kuma tsuke jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Duk likitan da ya kawo shawararsa, a tabbatar ya san mara lafiyar yana da NF1.

Ƙullutun fata

Suna fara fitowa wajen balaga, suna ƙaruwa da shekaru, juna biyu kan sa su yawaita ko su ƙara girma. Wani goma yake da su, wani dubbai. Taushi gare su, wasu idan ka danna da yatsa sai su nutse cikin fata kamar maɓalli a raminsa, ka saki su dawo. Cire su ba ya hana wasu fitowa, don haka zaɓe ake yi. Na gaba a layi su ne waɗanda ke gogayya: ƙarƙashin bel, wuyan riga, maɗaurin rigar mama, tafin ƙafa, fatar kai inda mataji ke kamawa, sai kuma na fuska idan sun dami mai su.

Babba yankewa ake yi da allurar kashe zafi a ɗinke. Ƙanana masu yawa ana ƙona su da lesa ko allurar lantarki, ɗaruruwa a zama ɗaya idan an sa barci. Inda ake samun matsala shi ne ƙullutun yana da gindi a cikin fata, in aka aske saman kawai sai ya sake tsirowa. Mai fatar da tabonta kan kumbura ya fara gwada biyu ko uku a wurin da tufa ke rufewa, ya jira wata shida ya ga yadda suka warke. Ɗaure ƙullutu da zare ko yanke shi a gida kuwa, jini da ruɓa yake jawowa. Ƙaiƙayi yana tsananta da zafi da gumi. Man shafawa mai kauri bayan wanka, ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, da maganin ƙaiƙayi na sha suna ragewa, ko da yake ba kowa suke yi wa aiki ba.

Ƙari mai rassa

Wannan daban yake. Likitoci na ce masa fileksifom. Ba dunƙule ɗaya ba ne, yana bin jijiya da rassanta ne kamar saiwa, ya kutsa tsakanin nama da ƙashi da jijiyoyin jini. Idan yana kusa da fata, in ka shafa za ka ji kamar igiyoyi a cikin jaka, wani lokaci fatar samansa ta yi duhu da gashi. Da shi ake haihuwar yaro, kuma a ƙuruciya ya fi saurin girma. Daga kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na masu NF1 suna da shi, da yawa a ciki inda hoto ne kaɗai ke nuna shi.

Hoton shi ne MRI. Na'urar dogon rami ce, ana kwantar da mutum a gado mai zamewa ciki, ƙararta kamar ana dukan ƙarfe kusa da kunne, shi ya sa ake ba da abin toshewa. Maganaɗisu ne, babu haske mai cutarwa, amma duk ƙarfe sai an cire, wanda aka dasa a jiki kuma a faɗa tun a waje. Aikin yana ɗaukar minti 45 zuwa fiye da awa, motsi kaɗan yana ɓata hoto a sake. Ƙananan yara sai an sa su barci, wanda ke nufin yawanci awa shida babu abinci, ruwa zalla har zuwa awa biyu kafin a fara. Mura ko tari kan sa a ɗage, gara a kira a faɗa da a je a dawo. Wani lokaci ana ɗura ruwan da ke ƙara fito da hoto ta jijiya, za a tambayi lafiyar ƙoda da batun juna biyu. Idan rahoton hoton ƙwaƙwalwar yaro ya ambaci wasu ɗige-ɗige masu haske, kada gaba ya faɗi. An saba ganinsu a NF1, ba ƙari ba ne, suna dushewa da girma.

A karɓi hoton kansa a faifai, ba takardar rahoto kaɗai ba. Hoto ɗaya ba ya faɗin komai game da girma, sai an jera shi da na bara. Kuma ƙarin da ba shi da siffa ba a auna shi da tsawo da faɗi, jimillar girmansa ake lissafawa da kwamfuta, wanda ke buƙatar a ɗauki hotunan ta hanya iri ɗaya.

Tiyatar ƙari mai rassa gaba kura ce baya sayaki. A cire duka, a tafi da jijiyar da yake kai, hannu ko ƙafa ta mutu. A rage, ragowar ta sake girma, musamman ga ƙaramin yaro ko a kai da wuya. Ga zubar jini, don naman cike yake da jijiyoyin jini masu rauni, dole a tanadi jini kafin a shiga. Shekaru da yawa iyakar abin da ake da shi ke nan.

A watan Afrilun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da selumetinib, mai sunan kasuwa Koselugo, ga yara daga shekara biyu masu irin wannan ƙari da ke damunsu kuma ba ya ciruwa. Yana toshe hanyar da saƙon hayayyafa ke bi, a ƙasa da inda birkin ya tsinke. A gwajin da aka yi da yara 50, kusan biyu bisa uku ƙarinsu ya ragu da aƙalla kashi 20 cikin 100, da yawa ciwo ya lafa musu. A Fabrairun 2025 aka amince da na biyu, mirdametinib, ga manya da yara, wanda ake sha kwana 21 a huta bakwai.

Ana lissafa selumetinib ne da faɗin fatar jiki, miligiram 25 ga kowace murabba'in mita, sau biyu a rana. A ninka tsawo a santimita da nauyi a kilo, a raba da 3,600, a ɗauki tushen murabba'i. Yaro mai santimita 130 da kilo 28 yana faɗawa kan mita ɗaya, wato miligiram 25 da safe, 25 da dare, tazarar awa goma sha biyu. Kafson miligiram 10 ne da 25, haɗiyewa ake yi, ba a taunawa ba a buɗewa. Yaro yana girma, don haka duk zuwa asibiti a sake lissafi. Idan ya yi amai bayan ya sha, ba a ƙara wani, a jira lokaci na gaba. Idan an manta, a sha kawai in ya rage fiye da awa shida kafin na gaba.

Kafin a fara sai an yi hoton zuciya, an duba ido, an auna jini. Hoton zuciya ana maimaita shi duk wata uku a shekarar farko, sannan duk wata shida, domin maganin yana iya rage ƙarfin bugunta ba tare da an ji komai ba. Abin da ke sa mutane su yar da magani kuwa ƙananan abubuwa ne. Ƙuraje a fuska da ƙirji ga waɗanda suka balaga, bushewar fata ga ƙanana: a fara shafa mai da maganin kariyar rana tun ranar farko, kada a jira su fito. Kumburin gefen farce, musamman babban yatsan ƙafa, yakan zo bayan watanni: a yanke farce a miƙe kada a rarake gefe, a sa takalmi mai faɗin baki. Gudawa a tare ta tun karon farko da ruwa da maganin da likita ya bayar. Dishi-dishin gani, kumburin ƙafa, haki, ko ciwon tsoka da fitsari mai duhu, a kira asibiti a ranar. Yawanci dakatarwa ake yi na 'yan kwanaki a dawo da ƙaramin awo, ba dainawa ba. Kafson yana ɗauke da bitamin E, kada a ƙara wani a kai, mai shan maganin tsinka jini kuma ya faɗa. Yana cutar da ɗan tayi. Sannan a san abin da aka shiga: raguwar tana ɗaukar watanni kafin ta bayyana, ƙarin ba ya ɓacewa, kuma sau da yawa yana ci gaba da girma idan an daina.

Ciwon da ba a jira da shi

Ƙari mai rassa shi ne wanda ke iya juyewa ya zama sankarar kuben jijiya. Haɗarin a tsawon rayuwa kashi 8 zuwa 13 cikin 100 ne, kuma ya fi faruwa ga matasa da masu shekaru ashirin zuwa arba'in, daidai lokacin da mutum ya bar asibitin yara ya daina zuwa dubawa. Maganinta na gaske shi ne a cire ta duka tana ƙarama, don haka makonni suna da tsada.

Matsalar ita ce mai NF1 ya saba da ciwo. Akwai zugi da minjirya da jin kamar wutar lantarki, waɗanda magungunan ciwon jijiya irin su gabapentin, pregabalin ko amitriptyline ke lallaɓawa, ana farawa da kaɗan a ƙara a hankali saboda jiri da barci. Akwai ɗan ƙarin da kan ɓuya a ƙarƙashin farce, ƙanƙani amma in sanyi ya taɓa shi ko an bige yatsa kamar a suma, shi cirewa ke warkar da shi. Cikin wannan hayaniya ake so mutum ya gane baƙon ciwo. Alamunsa: ciwon da ya ƙi tafiya ko yake tayar da mutum daga barci, ƙarin da ya yi saurin girma, wuri mai taushi da ya koma tauri, sabon rauni ko mutuwar wani sashe, ko canjin fitsari da bayan gida. Ɗaya daga ciki ya isa.

Jiki magayi ne, amma ƙwaƙwalwa mantuwa gare ta. Abin da nake yi shi ne duk wata uku in ɗauki hoton kowane babban ƙari da rula a gefensa, a haske ɗaya, a tsayuwa ɗaya, in rubuta kwanan wata. Sabon ciwo kuma in ba shi maki daga sifili zuwa goma, safe da dare. A gaban likita, faɗin "yana mini ciwo" ba ya motsa kowa, don an san ciwon da ciwo. Abin da ke motsawa shi ne: "Likita, ina da NF1, wannan ƙarin santimita huɗu ne a watan Maris, yau shida ne, ya yi tauri, mako uku ke nan yana tashe ni da dare." Daga nan MRI ne, sannan hoton PET da ke nuna inda ƙarin ya fi zuƙar sukari, a kai allurar ɗiban nama daidai wurin. In aka ɗiba a makance ana iya faɗawa kan sashen da bai juye ba, a ce lafiya lau. Kuma kada a yarda a yanke irin wannan ƙari a ƙaramar tiyata don a ga mene ne, aikin cibiyar da ta saba da irin wannan sankara ne.

Mata suna da ƙarin abu ɗaya: haɗarin sankarar mama ya fi yawa kafin shekara 50, shi ya sa ake fara hoton shekara-shekara da wuri, daga 30 a Amurka, daga 40 a Birtaniya. Batun haihuwa kuwa lissafinsa a fili yake, kowane ciki rabi da rabi ne, ko da na baya uku duk sun tsira ko duk sun gada. Wanda tabonsa ya tsaya a ɓangare ɗaya na jiki lissafinsa daban ne, ya ga mai ba da shawara kan gado. Masu NF2 kuma, wani nau'in daban wanda aka sauya wa suna a 2022, kada su ɗauki wannan jadawali: tasu ƙwayar a kuromosom na 22 take, ƙarinsu a jijiyoyin ji na kunnuwa biyu yake, gwajin ji da hoton kai ne nasu.

Yawancin likitocin da mutum zai gamu da su a ɗakin gaggawa ba su ga masu NF1 da yawa ba. Saboda haka a saman fayil ina ajiye takarda ɗaya tak: sunan ciwon da shekarar da aka tabbatar, sakamakon gwajin ƙwayar gado, wurin kowane ƙari mai rassa da girmansa a hoton ƙarshe, awon jini na ƙarshe, ƙarfin ganin kowane ido, magunguna da awonsu, da layi ɗaya da manyan baƙaƙe cewa a tuntuɓi ƙwararre kafin gashi da haske ko yanke ƙari mai zurfi. Na yaro ina sabunta ta duk bayan dubawar shekara, kuma tun ya kai sha huɗu shi ke cike ta da hannunsa, shi ke miƙa wa likita.